Sirdi da Feda a Kan Juji

Jaka ɗaya, a kan cinyarta. A ciki akwai ma'aunin tsawo, ƙaramin sikeli mai ƙugiya, mabuɗan kusoshi naɗe cikin tsumma, usur, riga biyu, da maganin ciwon gwiwa na innarta. Ba tsaraba.

Mota ta wuce Baleyara ke nan wayar Sa'adiyya ta yi ƙara. Kawunta ne, Alhaji Mansur, shugaban ƙungiyar masu tseren keke ta Filinge.

"Ɗiyata, kina ina?"

"Bisa hanya, Kawu."

"To ki isko mu da haƙuri. An sace baƙin keke."

"Yaushe?"

"Da sahe anka buɗe shago, babu shi. Amma an kama ɓarawon. Yaron nan na Damana."

"Yazid?"

"Shi."

Ta kashe waya. 

Baƙin keken kyauta ce daga 'yan Filinge mazauna Beljiyam. Jikinsa ba ƙarfe ba ne, kabon ne, mutum na ɗaga shi da yatsa biyu. Dokar ƙungiya a fili take: wanda ya fi kowa a gwaji shi ke hawansa ranar tsere, wanda ya ci tsere shi za a tura Yamai, babban birni. Yazid ya fi kowa, kuma tseren gobe ne. Ita Sa'adiyya an kira ta ne ta duba kekuna ta yi alƙalanci, don a Maroko, inda ta yi karatu, ta samu takardar wannan aiki.

Ta iske kekunan jere a inuwar itacen bedi, gaban shagon ƙungiya. Mahaya na tsaye, 'yan kallo sun fi su yawa. Kawu ya tare ta da babbar riga.

"Kin sha hanya. Ki duba waɗanga, mu gama. Zancen sata yana hannun jandarma."

Ta ajiye jaka ta fara. Na farko tsohon ƙarfe ne, an juya kansa sama kamar ƙahon rago.

"Mai da shi ƙasa."

"Madam, haka ya fi kyau."

"Ya fi kyau a kasuwar tumaki. Mai da shi."

Na biyu yana da madubi biyu da tuntaye ja, ba shi da birkin baya. Ta ce a cire madubi a sa birki. Na uku an naɗe jikinsa kaf da leda mai launi don kada fenti ya goge. Ta sa aka kware, tsaga ta fito a ƙasan wuya. Ta ce ba ya shiga tsere. Mai shi ya ce shekara da shekaru yana hawa. Ta ce Allah ya tsare shi shekara da shekaru, kada ya ƙure.

Na ƙarshe na Tahiru ne, ɗan Kawu, taubashinta. Shi ke bin Yazid a gwaji, shi ne kuma mai gyaran kekunan ƙungiya. Jikin keken ja, sirdi fari, naɗin hannu kore.

"Wannan keke ne ko kayan ɗakin amarya?"

"Baiwata ta dawo da baki," in ji Tahiru. "Ɗaga shi ki ji, 'yar Maroko."

Ta juya feda. Sarƙar tsab take, giya na shiga ba ƙara. Ta duba kawunan kusoshi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda aka ci wa baki.

"Muni gare shi, amma lafiya lau yake. Ya wuce."

Kawu ya yi dariya. "Ni wanga ya fi mini wancan da anka sace. Baƙi ƙirin, ba ƙararrawa, ba kariya ta ɗaukar kaya. Sirdi kamar wuƙa. Feda ko wurin aza ƙahwa babu."

"Wallahi, Alhaji," in ji wani mai shayi. "Keken da ba ya ɗaukar buhu, ina amfaninshi?"

'Yan kallo suka amsa. Mahaya ba su yi dariya ba.

Sa'adiyya ta je ƙofar shago. Kwaɗo lafiyarsa lau, ba a taɓa tagar ba.

"Makulli nawa ne?"

"Nawa, na Tahiru, da na yaron," in ji Kawu. "Ɗakin da yake kwana yana nan baya. Shi muka amince ma."

A ofishin jandarma, Ajidan Abdulrazak, shugaban ofishin, ya karɓe ta a tsaye. Dogo ne, baƙo a garin, ga alama ya gaji da maganar keke tun safe.

"Madam, alƙalin tsere kike, ba alƙalin sata ba."

"Na sani. Me kuka samu?"

Ya buɗe akwatin tebur ya fito da siririn sirdi haɗe da sandarsa, da feda biyu ƙanana masu kama takalmi.

"A kan juji, bayan ɗakin Yazid. Yana da makulli, ga kayan keken a bayan ɗakinsa. Gobe da safe zan miƙa shi ga mai shari'a."

"Wa ya ce a duba jujin?"

"Almajiran wani mai wanki suka gani. Shugaban ƙungiya ya ce lalle yaron ne."

Ta ɗauki sirdin ta kai shi bakin taga. Kusar da ke riƙe sanda an tauna kanta, duk ta kwarzane. Gindin kowace feda akwai sawun haƙoran filaya, zurfi, wanda ya zame ya sake kamawa.

"Zan ga Yazid."

Aka fito da shi. Siriri, baƙi, kafaɗa a miƙe. Maginin bulo ne a Damana, keke ya kawo shi gari. Ba a bar shi ya sa takalmi ba.

"Ka ɗauka?"

"Madam, in kin zo in roƙe ki ne, koma. Ban roƙi Alhaji ba, ban roƙi wanga ba."

"Tambaya na yi."

"Ban ɗauka ba. Na wanke shi jiya da marece, na rataye, na kulle."

"Ina takalminka na tsere?"

Ajidan ya sa aka kawo, suna cikin kayan da aka kwaso daga ɗakinsa. Tsofaffi ne, na gwanjo, da ƙarfe a tafin. Sa'adiyya ta ɗora ɗaya a kan feda ta danna. Ya kama, ƙas.

"Ajidan, wannan takalmi ba ya aiki da wata feda a garin nan sai wannan. Wannan sirdin kuma an saita shi daidai tsawon ƙafarsa, ga alamar da ya yi da farin fenti. Mahayi zai saci keke ya zubar da abin da ya sa keken ya zama nasa?"

"Wataƙila saidawa zai yi."

"Mai saidawa ba ya zubar da abin da ya fi tsada. Duk wanda ya san keke ya san waɗannan. Wanda ya yar da su a juji, a ganinsa shara ce."

Ajidan ya juya fedar a hannu. "Wannan magana ce, Madam. Ni keke nake so."

"Ba ni lokaci zuwa la'asar."

Yazid ya dube ta. "In anka yi tsere ina nan ciki, ko an sake ni daga baya, Damana ɓarawo za su kira ni. Ɗana ma haka za a kira shi."

"Na ji," ta ce.

Ta samu Tahiru a shago yana juya kan tsohon ƙarfen nan zuwa ƙasa. Ta rufe ƙofa rabi.

"In Yazid bai hau ba, wa zai ci gobe?"

"Ni."

"Kana da makulli."

"Ina da shi." Ya ajiye abin hannunsa. "Sa'a, in wasa ne, bari. In gaske ne, hwaɗi."

"Gaske ne. Ina kake jiya?"

"Gida. Tambayi matata, tambayi sauro."

"In kai za ka cire sirdin baƙin keke, da me za ka cire?"

Ya miƙa hannu bai duba ba, ya ɗauko ɗan siririn mabuɗi mai kusurwa shida daga cikin gwangwani.

"Da filaya aka cire. Fedar ma."

Fuskarsa ta canja. "Filaya? A jikin wancan keken? Wane jaki ne?"

"Shi nake nema."

"Ni ina son zuwa Yamai, ban ɓoye ba. Amma in wuce shi a hanya nike so, shina bisa baƙin, ina bisa kayan amaryata. In ci don an kulle shi, wa za ni hwaɗa ma na ci?"

Ta yarda da shi, ba don zumunci ba. Mutumin da kusoshin kekensa ba ko ɗaya da ya kwarzane ba zai tauna na wancan ba ko cikin gaggawa, ga mabuɗin a gabansa.

Ta fita ta tsaya a rana tana tunani. Wanda ya cire sirdi da feda bai lalata keken ba a ganinsa, gyara shi yake. Zai sa sirdi mai faɗi da feda ta roba, don ya koma kamar kowane keke. Dole ya yi haka, domin duk garin an san baƙin keke, jandarman da ke shingen bakin gari ma sun sha ɗaga shi suna mamaki. To a Filinge, keke bai zama keke ba sai da kariya a baya. Baƙin keke kuwa ba shi da ramin kusa ko ɗaya da za a ɗaura kariya. Mutumin nan in abu ya ƙi ɗauruwa, wuri ɗaya yake kai shi.

Ta bi layin masu walda na bayan tasha. Na farko yana haɗa ƙofa, na biyu amalanke. Ba ta tambaye su komai ba. A rumfa ta uku ta tsaya, don warin da ke wurin ba na ƙarfe ba ne, na ƙonanniyar roba ne mai kama maƙogwaro. A ƙasa, cikin toka, akwai wasu baƙaƙen zaruruwa kamar gashin wutsiyar akuya. Ta tsuguna ta ɗauka.

Mai rumfar dattijo ne, Isufu, da baƙin tabarau a goshi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, ɗiyata. Mi za a liƙa?"

"Abin da ya ƙi liƙuwa nike tambaya."

Ya ci gaba da goge bakin tocinsa na walda. "Komi na liƙuwa."

"Ban da na yau da asuba."

Ya tofar da yawu gefe.

"Tun ina yaro nike wanga aiki. Ban taɓa ganin irinshi ba. An kawo shi naɗe da tsumman taya, da sirdi mai sifirin, anka ce in liƙa kariya. Na kware wurin, na sa wuta. Ƙarhe ja yake yi. Wanga sai ya kama hayaƙi, ya kumbura, ya buɗe kamar buhu. Na ce wanga ba keke ba ne, aikin aljannu ne."

"Wa ya kawo?"

"Ban duba huska ba."

"Baba, akwai mutum a kulle saboda keken nan."

"Na ji. Ni ma ina da iyali, kuma rumfar ga ba tawa ba ce."

Ba ta matsa ba. Idonta ya riga ya kai jikin gungumen rumfa, inda aka jingine kariyar. Tsohuwa ce, shuɗiya, ƙafar hagu a lanƙwashe, an ɗaure guntun katako a kai da waya. Ta san katakon. A kansa take zama ana kai ta lakwal, makarantar boko, tana ƙarama, tana riƙe da rigar mai tuƙi.

"Mai shi ya manta da wannan," ta ce.

"Ya tahi da gaggawa."

"Zan kai mishi."

Isufu ya sauke tabarau ya rufe idonsa da su. "Ni ban ce komi ba."

"Ba ka ce ba."

Ta kira Ajidan ta gaya masa inda zai tsaya. Ta ce kada ya shigo.

Kawu yana tsakar gida a kan tabarma, an kawo masa fura. Ya ga abin da ke hannunta, ludayi ya tsaya a hanya. Ta jingine kariyar a gabansa.

"Ina yake, Kawu?"

"Zamna ki sha hura."

"Ina yake?"

Ya dubi ƙofar ɗakin matansa, ya tashi. Ta bi shi ɗakin hatsi. A bayan buhunan gero, ƙarƙashin zana, baƙin keken na kwance. An naɗe shi da baƙar roba, an ɗora masa ƙaton sirdi da ƙararrawa. A bayan sandar sirdi akwai rami, bakinsa ya tarwatse, zaruruwa a tsaye. Ta taɓa wurin da yatsa, ya lotsa.

"Ana gyarawa?" in ji Kawu, murya ƙasa.

"Ba a nan ba. Ba wanda zai sake hawansa."

"Wa ya hwaɗa miki? Isuhu?"

"Ba wanda ya faɗa. Kwaɗo bai karye ba, ke nan mai makulli ne, ku uku. Biyu mahaya ne, sun san darajar sirdin da fedar, kuma sun san da me ake kwance su. Na ukun ya ce sirdin wuƙa ne, fedar ba wurin aza ƙafa. Rabin gari na faɗin haka, shi ya sa ban tsaya nan ba. Amma wanda ke ganin keke bai cika ba sai da kariya, zai kai shi walda, kuma wanda ya taɓa hawan wannan ba zai kusantar da shi wuta ba. Ga kariyarka."

Kawu ya zauna a kan buhu.

"Ba saidawa za ni yi ba. Wallahi. Gonata ta Sanam za ni aika shi, a aje, in tsere ya wuce a ce an tsince shi. Tahiru shekarunshi na tahiya. In bai je Yamai bana ba, ba shi zuwa. Ni na kafa ƙungiyar ga, ni ke ba su ruwa da abinci, sannan wani daga Damana ya zo ya hau?"

"Tahiru ya sani?"

"Bai sani ba."

"Da anka ga sirdin a juji, kai ka ce Yazid ne."

"Sun tambaye ni. Mi za ni ce?"

"Gaskiya."

Ya share fuska da hannun riga. Da ya sake magana, muryar shugaban ƙungiya ta dawo.

"Saurara, ɗiyata. Abin gida a gida ake kashe shi. Za ni wurin Ajidan in ce ƙungiya ta yahe. Bayan tsere su sake shi, ba shari'a, ba komi. Wanga mu jefa shi rijiyar gona. Ba wanda ya ji."

"An yafe mishi. Ke nan ya yi."

"To mi ya rage shi? Ya koma bulonshi."

"Sunansa."

"Ni fa? Nawa sunan? Gobe in shiga masallaci a nuna ni? Innarki ƙanwata ce, ciki ɗaya. Ke kin tahi ƙasar Larabawa kin dawo, kina ganin duniya takarda ce. Nan da mutane ake zama."

"Shi ma mutum ne."

Ta sunkuya ta ɗaga keken. Duk da robar da ƙaton sirdin, hannu ɗaya ya ishe shi. Ta saba shi a kafaɗa ta fito tsakar gida. Matan gidan sun fito bakin ƙofofinsu. Kawu ya biyo ta har zaure, ba hula.

"Sa'adiyya! Ni na goya ki. In kin hita da shi ta ƙohwar ga, kada ki sake shigowa. Ko gawata."

Ta tsaya a bakin zaure. A waje Ajidan na jingine da motarsa, mutanen unguwa sun fara taruwa. Tahiru ma ya iso a kan jan kekensa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon ramin da ke jikin baƙin, yana kallon ubansa.

Ta taka waje, ta jawo ƙofar da hannunta har ta rufu.

"Ajidan, ga kekenka. A ɗakin hatsin Alhaji Mansur na same shi, kuma ni ce shaida. Ka saki Yazid yau, a gaban mutane. In ba ya kan layi gobe, ba ni busa usur a fara tsere."